Tambaya da Amsa: Shin Sayen Na'urar Tsaro Ya Isa Ya Kare Kwamfutocin Kamfani?

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a wannan karon sun fi fitowa daga masu kamfanoni da ma'aikatansu, kuma kusan dukkansu magana ɗaya suke kewayawa, wato yadda kamfani zai kare kwamfutocinsa da hanyar sadarwar da ta haɗa su daga masu kutse. Mun zaɓi huɗu, mun taƙaita su, mun kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne shugaban wani kamfanin sarrafa shinkafa, babban ofishinmu yana Kano, muna kuma da rassa a Kaduna da Katsina. Lissafinmu da albashin ma'aikata da rajistar dillalai da adadin kayan da ke sito duk sun koma cikin kwamfuta. Kwanakin baya wani kamfani ya kawo mana tayin na'urar katangar tsaro da manhajar rigakafi a kan miliyoyin naira, suka ce idan muka saya mun huta da maganar masu kutse. Ni ba masanin kwamfuta ba ne, Malam. Shin in sa hannu?
Mai karatu daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Shawarata ita ce kada ka sa hannu tukuna, ba don na'urar ba ta da amfani ba, sai don wanda ya ce maka za ka huta bai faɗa maka gaskiya ba. Katangar tsaro tana tace abin da ke shiga da fita tsakanin kamfani da intanet, kuma kowane kamfani mai rassa yana buƙatarta, amma yawancin manyan kutsen da aka yi wa kamfanoni a duniya an yi su ne a wuraren da suke da irin wannan na'ura, wasu ma wadda ta fi wadda aka kawo maka tsada nesa ba kusa ba.

A ƙarshen shekarar 2013 aka yi wa Target, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin kantuna na Amurka, kutsen da ya kwashe bayanan katin banki kimanin miliyan 40. Kamfanin yana da na'urorin tsaro na zamani, har ma sun yi ta ba da gargaɗi lokacin da ɓarayin suke ciki, kamar yadda rahoton wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya nuna daga baya, sai dai ba a ɗauki mataki a kan lokaci ba. Ɓarayin kuwa ba ta babbar ƙofa suka shiga ba. Sunan shiga da kalmar sirrin wani ƙaramin ɗan kwangila mai aikin na'urorin sanyaya wuri suka sata, suka shiga da su kamar shi ne, daga nan suka yi ta ratsawa har suka kai ga injinan karɓar kuɗi na kantuna. A watan Mayun 2014 shugaban kamfanin ya sauka daga muƙaminsa. Tambayar da ta kamata kowane mai kamfani ya yi wa kansa a nan ita ce, me ya haɗa mai gyaran firiji da injin karɓar kuɗi, har hanyar wannan ta kai ga wancan?

Kakanninmu da suka tsara gida sun warware wannan matsala tun da daɗewa. Baƙo yana tsayawa a zaure, wanda aka sani yana iya wucewa shigifa, cikin gida kuwa sai na gida, kuma ko a cikin gidan ba kowa ke shiga turaka ba. Hanyar sadarwar kamfanoninmu da yawa fili ne guda ba zaure ba shamaki, wanda duk ya tsallako katanga ya samu komai a shimfiɗe. Wanda ya saba shiga ofisoshi ya san abin da nake faɗa: rauta, wato na'urar da ke raba intanet, tana kan kabad a ofishin sakatare, an rubuta kalmar sirrinta a farar takarda an manna a bango, direba da mai gadi da baƙon da ya zo neman kwangila duk sun haɗa wayoyinsu, kuma a kan wannan layin ne akanta yake shiga asusun bankin kamfani ya tura albashi. Gyaran wannan shi ne a rarraba hanyar sadarwar gida-gida, ta yadda layin baƙi yake daban, kwamfutocin sashen kuɗi daban, kyamarorin tsaro da injin ɗaukar yatsan ma'aikata daban, injinan masana'anta su ma daban, sannan a ƙayyade abin da aka yarda ya wuce daga wannan sashe zuwa wancan. A nan ne na'urar da aka kawo maka za ta yi aiki sosai, idan an samu wanda ya zauna ya tsara ta bisa yadda kamfaninka yake aiki. Idan kuwa an jona ta ne kawai aka tafi, to ka sayi akwati mai fitilu.

Amma kafin rarrabawa akwai aikin da ba ya cin ko sisi, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Ka sa a rubuta maka duk abin da kamfanin ya mallaka mai haɗuwa da intanet a ofisoshin uku: kwamfutoci nawa ne, wace manhaja ce a kan kowace, ina ne bayanan dillalai suke zaune, su wa ke da sunan shiga, kuma waɗanne 'yan kwangila ne suke iya shiga daga waje. Kusan duk kamfanin da ya yi wannan ƙidaya yakan tarar da abin da bai zata ba, kamar tsohuwar kwamfutar da aka manta da ita a sito tana kunne, ko asusun ma'aikacin da ya bar aiki tun bara yana nan a buɗe, ko kyamarar da har yanzu take amfani da kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta. Kamfanin Equifax na Amurka, wanda ke tattara bayanan basussukan jama'a, ya rasa bayanan mutane kimanin miliyan 147 a 2017 saboda wata kafa a Apache Struts, manhajar da ake gina shafukan intanet da ita. An fitar da faci, wato gyaran manhaja da ke toshe kafar, tun watan Maris na shekarar, an kuma aika umarni a cikin kamfanin cewa a saka shi, amma wata kwamfuta mai muhimmanci ta kuɓuce domin kamfanin bai da cikakken lissafin inda manhajar take. Daga watan Mayu zuwa ƙarshen Yuli ɓarayi suna kwasa ba wanda ya farga, kuma sulhun da kamfanin ya yi da hukumomin Amurka a 2019 ya tanadi biyan kuɗin da zai iya kaiwa dala miliyan 700.

Maganar faci ta shafe mu ta wata fuska da ba a cika son faɗa ba. Ofisoshi da yawa a nan suna amfani da Windows da sauran manhajoji na satar fasaha, waɗanda aka ɗora a kasuwa a kan kuɗi kaɗan, kuma sau da yawa wanda ya ɗora su yakan kashe sabuntawa don kada a gane. Wasu kuma suna kan Windows 7, wadda Microsoft ta daina yi wa facin tsaro tun Janairun 2020. Muguwar manhajar WannaCry mai kulle bayanai, da ta bazu a duniya a watan Mayun 2017, har ta sa asibitocin gwamnatin Ingila suka soke ganin marasa lafiya kimanin 19,000, ta bi ne ta kafar da Microsoft ta riga ta toshe watanni biyu kafin nan. Idan kuɗin da ke hannunka ba zai isa komai ba, sayen manhaja ta halal da barin ta tana sabunta kanta ya fi na'urar da aka kawo maka gaggawa.

Sai kuma batun shiga. Kalmar sirri kaɗai ba ta isa ba a yau, domin ana sace ta, ana cankar ta, kuma mutane suna maimaita guda ɗaya a wurare goma. Dole ne imel ɗin kamfani, da manhajar lissafi, da duk wata hanyar shiga daga nesa su kasance da tantancewa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an tabbatar da lambar da ke fitowa a wayar mai asusun. A watan Mayun 2021 kamfanin Colonial Pipeline, wanda bututunsa ke ɗaukar kusan rabin man da gabashin Amurka ke sha, ya rufe bututun na kwanaki har gidajen mai suka ƙafe a jihohi da dama. Shugaban kamfanin ya shaida wa majalisa cewa an shigo ne ta wani tsohon asusun VPN, wato hanyar shiga kwamfutocin kamfani daga nesa, da ba shi da mataki na biyu. Tare da wannan, kowane ma'aikaci a ba shi iya abin da aikinsa yake buƙata, mai kula da sito ba ruwansa da takardar albashi, kuma ranar da mutum ya bar aiki a rufe asusunsa kafin ya kai bakin ƙofa.

Ka yi mini afuwa, Alhaji, domin a nan maganar ta zo kanka. A kamfanoni irin naka, wanda ya fi kowa karya waɗannan ƙa'idoji shi ne mai gida. Shi ne yake son a ba shi damar shiga komai, shi ne yake cewa lambar waya tana ɓata masa lokaci a cire masa, shi ne yake ba ɗansa kwamfutar ofis ya yi wasa da ita, alhali asusunsa ne masu kutse suka fi nema. Matashin injiniyan da ka ɗauka ba zai iya ce maka a'a ba, kuma ba zai iya tilasta wa manajan kuɗi ko manajan reshe komai ba sai da bakinka. Shi ya sa hukumomin da suka daɗe a wannan harka suka mayar da ita hannun shugabanni. Babban Bankin Najeriya, a tsarin tsaron intanet da ya fitar wa bankuna a 2018, ya ɗora alhakin a kan hukumar daraktoci, ya kuma wajabta naɗa babban jami'in tsaron bayanai. Hukumar NIST mai tsara ma'aunin fasaha ta Amurka, wadda kamfanoni a ƙasashe da yawa ke bin jagoranta na tsaron intanet, da ta sabunta shi a Fabrairun 2024 sai ta ƙara shugabanci a matsayin rukuni mai zaman kansa a kan rukunai biyar na asali. Kamfaninka ba banki ba ne, ba sai ka ɗauki babban jami'i ba, amma ya kamata a samu mutum guda daga cikin manyan ma'aikata da aka san wannan aikinsa ne, yana da kasafin kuɗi, yana kuma kawo maka rahoto a zaman da ake duba ciniki da bashi, ba sai ranar da abu ya lalace ba.

Idan masu tayin suka dawo, ka tambaye su wanda zai riƙa duba gargaɗin na'urar da ƙarfe biyun dare da ranar Sallah, da kuma abin da za ka riƙa biya duk shekara don sabunta lasisi, domin irin waɗannan na'urori sukan rage amfani ƙwarai idan lasisinsu ya ƙare. Tambayar lokaci ba wasa ba ce. Waɗanda suka sace dala miliyan 81 daga asusun Babban Bankin Bangladash a Fabrairun 2016 sun aika umarnin tura kuɗin ne a daren Alhamis, sun san Juma'a ranar hutu ce a Dhaka, Asabar da Lahadi kuma hutu ne a New York inda asusun yake.

TAMBAYA: Malam, ni akanta ce a wani kamfanin gine-gine. Imel ya zo daga mai kawo mana kaya, da sunansa da tambarinsa da komai, yana cewa sun canja banki, a tura kuɗin wannan watan a sabon asusu. Saura kaɗan in tura, sai Allah ya sa na kira shi, ya ce bai san zancen ba. Injiniyanmu ya duba ya ce babu wata ƙwayar cuta a kwamfutata. To ta ina suka san muna bin juna kuɗi, kuma wace manhaja za mu saya?
Mai karatu daga Kaduna

AMSA: Hajiya, kiran da kika yi shi ne maganin, kuma babu manhajar da ta kai shi. Abin da ya fi yiwuwa shi ne an shiga akwatin imel na ɗayanku, naki ko na mai kawo kayan, aka zauna shiru ana karanta wasiƙu har aka gane lokacin biya da yadda kuke rubuta wa juna. Wannan ba ya barin alama a kwamfuta, domin da kalmar sirri aka shiga daga wani wuri dabam. Saboda haka binciken injiniyanku bai ƙare ba. Ya duba rajistar shiga akwatin ya ga ko akwai wurare ko na'urorin da ba ki sani ba, ya kuma duba ko an saka wata ƙa'ida da ke tura kwafin wasiƙunki zuwa wani adireshi a ɓoye, domin wannan dabara ce da suka saba da ita. Ki canja kalmar sirri, a saka mataki na biyu, sannan ku sanar da mai kawo kayan ya yi haka a nasa ɓangaren. Ki kuma sake duban adireshin da imel ɗin ya fito harafi bayan harafi, domin wani lokaci harafi ɗaya kawai suke canjawa.

Kada ki ɗauka ƙananan kamfanoni kaɗai ake yi wa wannan. Wani ɗan ƙasar Lituweniya mai suna Evaldas Rimasauskas ya yi rajistar kamfani da sunan wani kamfanin Taiwan mai ƙera kayan kwamfuta, ya riƙa aika takardun neman biya na bogi, ya karɓi fiye da dala miliyan 100 daga Google da Facebook tsakanin 2013 da 2015, kafin wata kotun Amurka ta ɗaure shi shekara biyar a 2019. Idan kamfanonin da suka fi kowa injiniyoyi sun biya, to matsalar ba ta injiniya ba ce, ta tsarin biyan kuɗi ce.

Abin da zan so ki kai wa shugabanninku shi ne a mayar da abin da kika yi bisa sa'a ya zama doka rubutacciya. Duk wani canjin lambar asusu sai an tabbatar da shi ta waya, a kan lambar da kuke da ita tun da, ba wadda ke cikin imel ɗin ba, kuma duk biyan da ya wuce wani adadi sai mutum biyu sun amince. Dokar ta hau kan kowa, har da saƙon da ya zo da sunan shugaban kamfani yana cewa yana taro a tura yanzu-yanzu, domin gaggawa da kwarjinin babba su ne makaman waɗannan mutane. Haka nan a sanar da ma'aikata cewa wanda ya danna wani abu bisa kuskure ya faɗa nan take ba za a ci mutuncinsa ba. Inda ake wulaƙanta mai kuskure, mutane ɓoyewa suke yi, kuma sa'o'in farko su ne lokacin da banki yake da damar tare kuɗin kafin a kwashe su.

TAMBAYA: Ni injiniyan kwamfuta ne a wani asibiti mai zaman kansa. Muna kwafe bayananmu kullum a kan wata na'urar ajiya da ke ɗakin saba, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanai. Shugabanninmu sun ce tunda akwai kwafi ba mu da fargabar masu garkuwa da bayanai, wato masu kulle su su nemi kuɗin fansa, kuma ko da abin ya faru sai a biya su a wuce wurin. Hankalina bai kwanta ba.
Mai karatu daga Kumasi, Gana

AMSA: Ɗan'uwa, hankalinka ya yi daidai da bai kwanta ba. Masu garkuwa da bayanai sun daɗe da gane cewa kwafin ajiya shi ne abin da ke hana a biya su, don haka idan suka shiga shi suke fara nema su goge ko su kulle, kafin su taɓa sauran. Na'urar da ke jone da hanyar sadarwa ɗaya, wadda kalmar sirrin babban mai kula da kwamfutocin take buɗewa, tare za ta tafi da sauran. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka daɗe suna bi ita ce a riƙe kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya kuma ya kasance a wani wuri dabam, kuma a yau ana ƙara sharaɗin cewa ɗaya ya zama a cire yake daga layi ko kuma irin wanda ba a iya goge shi sai bayan wani wa'adi.

Labarin Maersk, babban kamfanin jiragen ruwa na Denmak, ya isa ka kai wa shugabanninku. Ranar 27 ga Yunin 2017 manhajar NotPetya, wadda ta bazu ta hanyar sabuntawar wata manhajar lissafin haraji ta Yukiren, ta shiga kamfanin ta wani ofishinsa a can, ta mamaye hanyar sadarwarsa ta duniya cikin ɗan lokaci. Tashoshin jiragen ruwa suka tsaya, manyan motoci suka yi layi a bakin ƙofa, ma'aikata suka koma takarda da biro da WhatsApp. Kwamfutocin da ke riƙe da rajistar sunayen shiga na kamfanin suna da yawa, kowace tana kwafar 'yar'uwarta, kuma wannan ne ya sa suka mutu tare. Rahotanni sun nuna cewa guda ɗaya ce ta tsira, a wani ofishi a nan Afirka ta Yamma, saboda wutar lantarki ta ɗauke lokacin da abin yake yaɗuwa, aka ɗauko ma'ajinta a jirgi aka kai Ingila inda ake aikin farfaɗowa. Shugaban hukumar daraktocin kamfanin ya faɗa daga baya cewa sai da suka sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci 45,000 da saba 4,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Ɗaukewar wuta ce ta yi musu aikin da ya kamata tsari ya yi.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: an taɓa gwada dawo da bayanai daga kwafin nan? Ka nemi izini ka ɗauki kwamfuta fanko, ka dawo da rajistar marasa lafiya a kanta, ka duba agogo. Adadin sa'o'in da ka samu shi ne gaskiyar tsawon lokacin da asibitin zai yi ba kwamfuta, kuma shi za ka ajiye a gaban shugabanni ka tambaye su ko ɗakin magani da ɗakin gwaji za su iya aiki da takarda har tsawon haka.

Batun biyan fansa kuwa, ban ga hikimar gina tsari a kansa ba. Colonial Pipeline ta biya kimanin dala miliyan 4.4, amma an ruwaito cewa mabuɗin da aka ba ta yana da jinkiri har ta ci gaba da amfani da nata kwafin. NotPetya ma ta nemi fansa a fuskar allo, alhali an gina ta ne ta yadda ba za a iya dawo da komai ba ko an biya. Sannan masu garkuwar yanzu sukan kwashe bayanan kafin su kulle, su yi barazanar wallafa su, kuma babu wanda zai tabbatar maka sun goge bayan sun karɓi kuɗi. Ga asibiti wannan ya fi kullewar muni, domin sirrin marasa lafiya ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ku rubuta tun yanzu wanda yake da ikon ba da umarnin cire asibitin daga intanet, wanda zai kira lauya da hukuma, da wanda zai yi magana da jama'a, ku buga takardar da lambobin waya ku ajiye a aljihun tebur, tunda ranar da za a neme ta kwamfuta ba za ta buɗe ba. A Gana akwai Hukumar Tsaron Intanet da dokar 2020 ta kafa, wadda ake kai wa rahoton irin wannan. Masu karatu na Najeriya kuma su sani cewa Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin sa'o'i 72 idan kutsen zai iya cutar da mutanen da bayanansu suka fita, kuma tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

TAMBAYA: Kamfaninmu yana shirin mayar da imel da takardunsa rumbun ajiyar intanet na Microsoft. Wasu sun ce daga nan tsaro ya zama nasu. Wasu kuma suna ta maganar wani sabon tsari na rashin yarda da kowa sai an tantance. Wanne za mu bi?
Mai karatu daga Yamai, Nijar

AMSA: Malam, ba abubuwa biyu ne masu karo da juna ba. Idan kuka koma rumbun Microsoft ko Google ko Amazon, su ne za su kula da gine-gine da injina da facin manhajarsu, kuma za su yi shi fiye da yadda ƙaramin kamfani zai iya. Amma wanda kuka ba asusu, da wanda kuka buɗe wa wace takarda, da ko kun kunna mataki na biyu, duk wannan yana wuyanku, kuma su kansu kamfanonin sun rubuta haka a sharuɗɗansu. Takardar albashi da wani ya saka a kan zaɓin da ke ba duk mai mahaɗin damar buɗewa ta fita, ko da rumbun ya fi kowane tsaro a duniya.

Tsarin da ka ji ana magana a kai ba sabo ba ne sosai. John Kindervag na kamfanin bincike na Forrester ne ya yaɗa shi a 2010, Google kuma ya gina nasa mai suna BeyondCorp bayan kutsen da aka yi masa a 2009, sannan NIST ta fitar da jagora a kansa a 2020. Abin da yake cewa shi ne kasancewar kwamfuta a cikin ofis ba hujja ba ce ta yarda da ita, duk buƙatar shiga sai an duba wane ne, da wace na'ura ya zo, ko na'urar tana da sabuntawa, da kuma ko aikinsa ya kai ga abin da yake nema. Da zarar imel ya koma rumbun intanet, ma'aikata kuma suna buɗe shi daga gida da tasha da wayoyinsu, katangar ofis ba ta tsakaninsu da shi, don haka ko kun so ko ba ku so ba kun shiga wannan tsari.

Kada dai ku yarda wani ya sayar muku da shi a kwali, domin hanya ce ta tsara aiki da ake bi sannu a hankali. Ku fara da ranar ƙaura: kowane ma'aikaci ya samu asusunsa shi kaɗai, a daina asusun taron dangi irin wanda mutum biyar suka san kalmar sirrinsa, a kunna mataki na biyu ga kowa tun daga shugaba, a taƙaita manyan masu kula zuwa mutum biyu ko uku masu asusu na musamman da ba sa karanta imel da shi. Bayan watanni, idan wannan ya zauna, sai ku ƙara sharaɗin cewa takardun kuɗi ba sa buɗewa sai a kan na'urar da kamfani ya yi wa rajista. Ku kuma duba irin lasisin da za ku saya kafin ku biya, domin wasu daga cikin waɗannan damammaki ba sa cikin mafi arha.